Amman, Kayseri ko Nalcik: ina mai son sanin Carkasawa zai dosa?

Ƙanena yana digiri na biyu a sashen tarihi. Wata rana ya ci karo da wasiƙar da Mai na Borno Usman ɗan Idris ya aika wa Sarkin Masar Barƙuƙ a wajajen 1391, yana kai ƙarar Larabawan Juzam da ke kama mutanensa suna sayarwa. Tun daga ranar hankalinsa ya bar Borno ya koma kan wanda aka aika wa wasiƙar. Barƙuƙ ba Balarabe ba ne, ba kuma Baturke ba. Bacarkashe ne, an kawo shi bawa daga tsaunukan Kaukasus, ya hau gadon Masar a 1382. Yaron nan ya yi ta bin zaren har ya samu ɗan tallafin bincike, wanda ba zai wuce tafiya ɗaya ba. Ran nan bayan isha'i ya zauna a gefen tabarmata ya ce, "Yaya, kuɗin nan ba za su kai ni wuri biyu ba. Jodan zan je, ko Turkiyya, ko Rasha?" Hirar ta kai mu tsakar dare. Ita ce nake rubutawa a nan, domin ɗalibanmu suna cikin ƙasashen nan uku, kuma da yawansu kullum suna gogayya da Carkasawa a kasuwa da aji ba tare da sun san su ba.

Abin da ya sa sai an yi zaɓi shi ne mutanen ba sa zaune wuri guda. Su Adiga suke kiran kansu, Larabawa su ce Sharkas, Turkawa su ce Carkes. Ƙasarsu ta gado tana arewa maso yammacin Kaukasus, daga gaɓar Bahar Aswad zuwa kogin Kuban, har gindin dutsen Elbrus mai tsayin mita 5,642, wanda suke kira Oshhamaho. A 1763 Rasha ta kafa sansani a Mozdok, a kan ƙasar Kabardawa, wani reshe na Carkasawa, yaƙi ya ɓarke, bai ƙare ba sai bayan shekara 101. A shekarun ƙarshe sojojin Rasha sun daina neman mubaya'a kawai, suka koma ƙone ƙauyuka da kora mutane zuwa bakin teku. Ranar 21 ga Mayu 1864 suka yi faretin nasara a wani fili da ake kira Kbaada. Filin nan shi ne Krasnaya Polyana na yau, inda aka yi wasannin zamiya a kan dusar ƙanƙara lokacin gasar Olamfik ta Soci a 2014, shekara 150 cif bayan faretin. Aka loda mutane a jiragen ruwa zuwa Trabzon da Samsun da Varna, tashoshin daular Turkawa ta lokacin, yunwa da agana da zazzaɓin taifus suka yi musu ɓarna a gaɓa da cikin jirgi da inda aka sauke su. Lissafin Rasha da kanta ya kai kusan rabin miliyan na waɗanda suka fita, masana tarihi da dama kuwa suna kai adadin sama da miliyan ɗaya. Yau kimanin 750,000 ne a Rasha, mafi rinjaye suna waje. Bahaushen da ya san labarin hijirar Sarkin Musulmi Attahiru a 1903, da yadda waɗanda suka tsira daga Burmi suka kafa Mai Wurno a bakin Nilu, ba ya buƙatar dogon bayani kan yadda jama'a ke ɗaukar gida a ƙirji su tafi da shi. Bambancin shi ne mu kaɗan ne suka tafi, yawanci suka zauna. Su kuwa yawancin ne aka fitar.

Na fara masa da Jodan domin can na zauna lokacin da nake karatun Larabci, kuma can na fara jin sunansu. Wanda ya sauka tsakiyar Amman zai ga babban dandalin wasa na dutse da Rumawa suka gina a jikin tudu. A 1878 babu gari a wajen, kufai ne da rafi. Carkasawa 'yan ƙabilar Shapsug ne suka fara sauka, suka fake a cikin rumfunan dandalin nan da kogunan da ke kewaye kafin su gina ɗakuna. Hijirarsu ta biyu ke nan, domin Turkawa sun fara zaunar da da yawansu a yankin Balkan, yaƙin Rasha da Turkawa na 1877 zuwa 1878 ya sake tayar da su. Daga baya wasu suka kafa Wadi Sir a 1880, Jarash a 1884, sannan Na'ur da Suwailih da Rusaifa. Su suka shigo da amalanken shanu mai ƙafa biyu, suka share hanyoyi tsakanin ƙauyukan, suka yi rigima da makiyayan Larabawa kan ruwa da ciyawa, suka kuma ƙulla amana da Bani Sakhr. Har yanzu akwai titin Shabsug a cikin kasuwa, akwai unguwar Muhajirin kusa da Ra'asul Ain. Magajin garin Amman na farko a 1909, Isma'il Babuk, nasu ne. Da Sarki Abdullahi na ɗaya ya iso a 1921 suka tsaya masa, tun daga lokacin kuma dogaran fada na girmamawa Carkasawa ne, cikin doguwar riga mai jerin aljihunan albarushi a ƙirji, da hular gashi, da wuƙar azurfa a ɗamara. Sa'id al-Mufti ya riƙe kujerar firaminista a 1950 da 1955 da 1956. Majalisar wakilai tana da kujeru uku da aka keɓe musu tare da Cecenawa.

Ga mai bincike, amfanin wannan tarihi shi ne komai yana kusa, kuma ƙofa a buɗe take. Ƙungiyar agaji ta Carkasawa tana nan tun 1932, tana da rassa da ɗakin karatu. Kulob ɗin Ahli, na 1944, su suka kafa shi. Makarantar Amir Hamza tana koya wa yara Carkasanci tun shekarun 1970. Wadi Sir da Na'ur yanzu sun kusa haɗewa da birnin, tasi ɗaya za ta kai ka. Ba wanda ke rage murya in ana maganar 1864. Uwa uba, da Larabci za a yi hirar. Ɗalibin da ya fito daga makarantar Islamiyya ya ƙara da jami'a, mako biyu ya ishe shi kunnensa ya saba da Larabcin titi ya fara aiki.

A Amman na halarci bikin aurensu sau ɗaya, kuma abin da na gani ya fi littafi koya mini ma'anar Adiga Khabze, wato dokar ɗabi'a da ba a rubuce take ba amma kowa ya san ta. Fili ne a buɗe da dare. Samari sun jeru a tsaye a gefe guda, 'yan mata a ɗaya gefen, babu mai zama. Wata mata tana jan akodiyan, wanda suke kira pshina, wasu maza suna kaɗa 'yan katakai da aka ɗaure wuri guda suna ba da amo kamar tafi. Akwai mai sanda a tsakiya, shi ke nuna wanda zai fito. Budurwa ta fito cikin doguwar riga har ƙasa, idonta a ƙasa, tana tafiya kamar ruwa ne ke ɗauke da ita. Saurayin yana kan 'yan yatsun ƙafa, hannu a buɗe, yana kewaya ta, bai taɓa ta ba, bai kuma juya mata baya ba ko sau ɗaya. Ana cikin haka wani dattijo ya shigo, sai na ga 'yan kaɗan ɗin da ke zaune a baya sun miƙe gaba ɗaya, ni ma na miƙe. Ango kuwa ba a gan shi a gaban dattawa ba, domin kunya ta hana. Abokin da ya gayyace ni ya ce a gidan kakansa suruka ba ta kiran sunan iyayen miji, uba kuma ba ya ɗaukar ɗansa a gaban nasa uban. Na ce masa a gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Muka kalli juna, kowa yana mamakin jin alkunyarsa a bakin baƙo. A da ma suna da riƙo: ɗan sarauta wani gida ake ba wa shi ya tarbiyyantar, sai ya girma a dawo da shi da doki da makami. Inda muka rabu shi ne auren zumunci. A wurinsu ɗiyar baffa ko ta kawu 'yar'uwa ce, ana ƙirga dangantaka har kaka na bakwai, kuma duk zamansu cikin Larabawa ba su saki wannan ba.

Aka kawo abinci, na yi murna a raina, domin tuwo ne. Suna kiransa basta ko pasta. A ƙasarsu ta asali da gero ake tuƙa shi, a Jodan da shinkafa da ɓarzajjen alkama, a yanka shi gunduwa-gunduwa, a ci da miyar kaza mai kauri da ake kira shibs, wadda ake niƙa mata jauz, wani ɗan itace mai maiƙo kamar gyaɗa, da tafarnuwa, a yaryaɗa jan mai mai barkono a sama. Sai haliva, wani soyayyen fulawa da aka cusa wa cuku.

Sai dai na gaya wa ƙanena gaskiya, Jodan tana da giɓi biyu. Na farko harshe. A bikin nan da na faɗa, samarin da suka iya rawar kakanninsu ba kuskure da Larabci suke hira a tsakaninsu. Dattawa ne ke riƙe da Carkasanci, kuma kowace shekara suna raguwa. Wanda ya je Amman don ya koyi harshen zai samu aji da malami, amma ba zai samu kasuwar da zai yi ciniki da shi ba. Na biyu tsada. Dinarin Jodan ɗaure yake da dala, dinari ɗaya ya kai kusan dala 1.41, haya da sufuri a Amman kuma ba sa tausayin mai naira ko sefa. Akwai kuma wani abu da mai bincike ya kamata ya lura da shi: jama'ar da ke kusa da fada tana da labarin da ta saba bayarwa, na amana da kafa gari da hidimar sarki. Labarin gaskiya ne, amma sai an daɗe ana shan shayi kafin a ji na talakan da ya sayar da gonarsa a Wadi Sir kafin ƙasa ta yi daraja.

Turkiyya wata duniya ce. Nan ne mafi yawan Carkasawan duniya suke, ƙiyasin da aka fi ambata miliyan biyu zuwa uku, ƙungiyoyinsu kuma suna faɗin fiye da haka. Gwamnati ba ta ƙirga ƙabila. A ƙidayar 1965, ta ƙarshe da aka fitar da alƙaluman harshen uwa, kimanin mutum 58,000 ne kawai suka rubuta Carkasanci, kuma wannan ƙarancin da kansa labari ne. Turkawa sun warwatsa su a ɗaruruwan ƙauyuka, daga Samsun zuwa Tokat da Corum, zuwa tudun Uzunyayla tsakanin Kayseri da Sivas, zuwa Goksun a kudu, sannan a yamma Duzce da Sakarya da Balikesir. A ƙarshen zamanin Daular Usmaniyya ta Turkawa sun yi ƙarfi a fada da soja. Sun kafa ƙungiya a Santambul a 1908, suka fitar da jarida mai suna Guaze a 1911, suka buɗe makaranta. Da jamhuriya ta zo a 1923 aka rufe duk wannan. Carkes Ethem, wanda dakarunsa suka taimaki Mustafa Kamal a farkon yaƙin 'yanci kafin su ɓata, ya shiga littattafan makaranta a matsayin maci amana da sunan ƙabilarsa manne a gaba, kuma yara Carkasawa sun yi shekaru suna haɗiye wannan a aji. A 1928 aka fara gangamin tilasta magana da Turkanci, a 1934 dokar sunan iyali ta hana sunayen ƙabila. Shi ya sa yau Bacarkashen Turkiyya yana da suna biyu, na katin shaida da na gidansu. In ka tambayi na farko kawai, ba ka san da wa kake magana ba.

A nan ne aka yi rashin da ya fi taɓa ni a duk tarihin nan. Ubikhawa, dangin Carkasawa na yankin Soci, kusan gaba ɗayansu aka kora a 1864. Harshensu yana da baƙaƙe sama da 80 da wasula biyu kacal. Masanin Faransa Georges Dumézil ya yi shekaru yana ɗaukarsa daga bakin wani dattijo, Taufiƙ Esenc, ɗan ƙauyen Haji Usman kusa da Manyas. Ranar 7 ga Oktoba 1992 dattijon ya rasu, kuma ba a bar wani mai iya hira da harshen ba. Jikokin Ubikhawa suna nan da yawa, suna jin Turkanci, wasu suna jin Adiganci.

Abubuwa sun sassauta daga baya. An kafa tarayyar ƙungiyoyin Kaukasus, KAFFED, a Ankara a 2003. Daga 2012 aka yarda a koyar da Carkasanci a makarantun gwamnati ga ɗaliban da suka zaɓa. Jami'ar Duzce ta buɗe sashen harshe da adabin Carkasawa a 2013, Jami'ar Erciyes ta Kayseri ta biyo baya. Har gardama suke yi mai zafi kan ko da haruffan Rasha za a rubuta harshen kamar yadda ake yi a gida, ko da haruffan boko irin na Turkanci, gardamar da duk wanda ya san zancen ajami da boko zai gane ɗacinta. Kowace 21 ga Mayu ana taruwa a Kefken, a gaɓar Bahar Aswad cikin lardin Kocaeli, inda wasu jiragen suka sauke mutane, inda kuma akwai kogo da maƙabartarsu. Ana karanta addu'a, a kunna wuta, a jefa furanni cikin teku. Akwai gidajen da har yau tsofaffinsu ba sa cin kifin Bahar Aswad, sun ce kifin ya ci naman kakanninsu.

To me Turkiyya ke ba ɗalibi wanda Jodan ba ta da shi? Yawa, da takardu, da ƙauye. A Uzunyayla akwai gomman ƙauyukan Kabardawa a jere, kuma da rani, in waɗanda suka tafi birni da Jamus suka dawo hutu, za ka ji harshen a bakin tsofaffi da masu matsakaicin shekaru, ka ga bikin da ba don baƙi aka shirya shi ba. Da hunturu kuwa ƙanƙara ce da gidaje a kulle. A Santambul, unguwar Kagithane, akwai ma'adanar takardun daular Turkawa, inda rajistar saukar da muhajirai take: wa aka kai ina, gona nawa aka ba shi, mutum nawa suka mutu a wane sansani. Takardun da haruffan Larabci aka rubuta su, wanda ya iya ajami zai gane baƙaƙen, amma harshen tsohon Turkanci ne, sai an zauna an koya. Zuwa ma ya fi sauƙi, jirgi yana tashi kai tsaye daga Abuja da Legas zuwa Santambul, kuma tallafin karatu na gwamnatin Turkiyya yana haɗawa da shekara guda ta koyon harshe. Wannan shekarar ita ce sharaɗin. Ba Turkanci, ba aiki. Ingilishi ba zai kai ka ko'ina ba a Pinarbashi, garin da ke yankin Uzunyayla, Larabci kuma a masallaci zai tsaya. Sai a kula da wani abu: a bakin Baturke, Carkes yakan haɗa har da Abhazawa da Osetawa da Cecenawa, duk wanda kakansa ya fito daga arewacin Kaukasus. Mai bincike ya riƙa tambaya, kada ya tara bayanan ƙabila huɗu a ƙarƙashin suna ɗaya.

Ƙanena ya ce, "To Yaya, ai gani ya kori ji. Me zai hana in tafi tushen kawai?" Tushen ma a rabe yake. Gwamnatin Sobiyet ta kasa waɗanda suka rage kashi-kashi, kowane da sunansa a takarda: Adigawa a Adigeya mai hedikwata a Maikop, Carkes a Karacai-Carkesiya, Kabardawa a Kabardino-Balkariya mai hedikwata a Nalcik, sai 'yan tsirarun Shapsug a ƙauyukan gaɓar teku wajen Tuapse da Lazarevskoye. A Adigeya masu ƙasar kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne na jama'a, a Kabardino-Balkariya kuwa sun haura rabi. Gabanin ƙidayar 2021 matasa sun yi gangamin kowa ya rubuta suna ɗaya, domin su nuna al'umma guda ce, mai tuta guda, koriya mai taurari 12 da kibiyoyi uku.

Abin da Nalcik da Maikop ke da shi, wanda babu a Amman ko Kayseri, shi ne harshe mai rai a titi da takarda. Akwai jaridu, Adiga Psale a Nalcik da Adiga Maƙ a Maikop. Akwai gidan wasan kwaikwayo, da sassan jami'a, da cibiyoyin da suka tattara tatsuniyoyin Nartawa, jaruman almararsu, na Sosruko da ya sato wa mutane wuta, da uwarsa Satanai mai hikima, da Tlepsh maƙeri. Ƙungiyoyin rawa na Kabardinka da Nalmes tun shekarun 1930 suke. Dokin Kabarda yana nan, cukun Adiga yana kowace kasuwa, Elbrus yana leƙowa in gari ya washe. Bahaushe kuma yana da wata 'yar fa'ida da Bature ba shi da ita wajen furuci. Harshen cike yake da baƙaƙe masu ƙyasta irin namu. Kalmar mutum a Kabardanci da sautin "ts" ɗinmu na tsuntsu take farawa, kalmar tafi kuma da "ƙw" irin na ƙwai. Kada wannan ya ruɗi kowa, baƙaƙen sun kai hamsin, aikatau guda yakan haɗiye abin da mu za mu faɗa da jimla, kuma rubutun da haruffan Rasha ne tun ƙarshen shekarun 1930. Harsunan adabi biyu ne. Wanda zai yi aiki da mutanen Uzunyayla ko Jarash, Kabardanci na Nalcik zai koya. Wanda zai bi Shapsug da Abzakh da Bjedug, irin na Wadi Sir da Na'ur da yawancin ƙauyukan Duzce, Adigancin Maikop ne nasa.

Amma a gida ne baki ya fi nauyi. Majalisar Kabardino-Balkariya a 1992 da ta Adigeya a 1996 sun kira abin da ya faru kisan ƙare dangi, Mosko ba ta taɓa amincewa ba. Ƙasar Jojiya ce ta fara amincewa a Mayun 2011, Yukren ta biyo a Janairun 2025, kuma wannan ya sa kalmar ta ƙara zama abin tsoro a cikin Rasha. A Nalcik ana kunna kyandir 101 a jajibirin 21 ga Mayu a gindin abin tunawa da ake kira Bishiyar Rayuwa, amma a 'yan shekarun nan hukuma ta taƙaita jerin gwanon da aka saba. Dokar 2018 ta mayar da darasin harshen gida na ganin dama a makarantu, iyaye da yawa kuma suna zaɓar Rashanci saboda jarrabawa. Tun harin da aka kai Nalcik a Oktoban 2005 jami'an tsaro suke sa ido kan duk abin da ya shafi addini. Baƙon da ya zo da rikoda yana tambayar 1864 da Musulunci zai iya jawo wa wanda ya saukar da shi matsala, ko da shi ya tsira. Ƙara da yaƙin Yukren, da katunan bankin waje da suka daina aiki a Rasha tun 2022, da shekarar koyon Rashanci da ba makawa sai an yi ta. Na ce masa Nalcik wurin wanda ya ba da shekara biyu ko uku ne ga harshe da adabi, ba wurin mai wata uku da tambayoyin siyasa ba.

Akwai abin da ya shafi mu musamman, gara a ji shi tun a gida. Carkasawa Musulmi ne 'yan Sunna, mabiya mazhabar Hanafiyya, amma Musulunci ya game su ne a hankali tsakanin ƙarni na 16 da na 19, bayan Kiristanci da addinin gargajiya, kuma Khabze ta riga shi zama. Maza da mata suna rawa a fili guda. A Jodan za ka ga masu lulluɓi da marasa shi a gida ɗaya. A Kaukasus, bayan shekara saba'in na mulkin gurguzu, za ka iya zama a teburin da ake ɗaga kofin giya ana yi wa baƙo kirari, ko da yake matasa masu riƙo da sallah suna ƙaruwa. Ka ce ba ka sha, za a girmama ka, domin baƙo a wurinsu ba a tilasta masa. Amma wanda ya je da niyyar gyara mutane a makon farko, zai dawo da littafin rubutu fari fat. Suna da magana, "psem yipe nape", wato mutunci yana gaban rai. Mutanen da ke faɗin haka ba a koya musu kunya.

Ya tambaye ni Alƙahira, tunda daga can tambayarsa ta taso. Alƙahira tana da gine-ginen sarakunansu: makarantar Barƙuƙ, da hubbaren Ƙaitbai wanda ya yi mulki daga 1468 zuwa 1496 ya kuma sake gina masallacin Annabi (SAW) bayan gobarar 1481, da ƙofar Zuwaila inda Turkawa suka rataye Tumanbai, sarkinsu na ƙarshe, a 1517. A zamanin daular sarakunan nan Imam Suyuɗi ya rayu, har ya rubuto wa sarakunan Katsina da Agadas nasiha. Wanda bincikensa na Mamalik ne, wato sarakunan Masar masu asalin bauta irin su Barƙuƙ, can ne nasa. Amma jama'a mai harshe da biki da ranar makoki ba a can take ba. Siriya ta taɓa zama zaɓi na gaske, sai dai yaƙin 1967 ya tayar da ƙauyukansu na tuddan Golan da garin Kunaitira, yaƙin da ya fara a 2011 ya sake watsa su. Ƙauyuka biyu a Galili, Kafar Kama da Rihaniya, mutanensu 'yan dubbai ne amma yaransu har yau da harshen suke wasa, sai dai shigarsu ta hannun Isra'ila ce, kuma ɗalibinmu ya san abin da wannan ke nufi gare shi.

Na ce masa da a ce digiri na uku zai yi, da shekara huɗu a gabansa, Turkiyya zan tura shi ba tare da jinkiri ba, ya koyi Turkanci, ya yi rani a Uzunyayla, ya yi hunturu a Kagithane. Amma shi Larabci ne jarinsa, wata uku ne lokacinsa, tambayarsa kuma ita ce yadda mutane ke riƙe ɗabi'arsu bayan sun rasa ƙasa. Wannan tambayar a Amman za a amsa masa ita da harshen da yake ji, daga bakin mutanen da ba sa tsoron a rubuta abin da suka faɗa. Na ce ya nemi ɗaki a wajen Wadi Sir ba tsakiyar birni ba, ya karɓi takardar gabatarwa daga sashensu ya fara kai ta ƙungiyar agaji kafin ya ƙwanƙwasa ƙofar kowa, ya kuma tsara tafiyar yadda 21 ga Mayu za ta faɗo a tsakiyarta, lokacin da fuskarsa ta riga ta zama sananniya. In dattijo ya shigo ya miƙe, in suna tafiya su biyu ya koma hagunsa, in su uku ne a sa dattijon a tsakiya. Ya rubuta duka a littafinsa, ya ɗago ya ce, "Yaya, tsaraba fa?" Na ce ya sayi kilishi mai kyau da hula zanna biyu, ya ajiye ɗaya don mai gidan da zai fara ce masa keblaga, wato shigo, maraba.